Awa 1,800 daga ina za su fito? Yadda na yi MBA ta intanet ina bakin aikina

A mako na biyar da fara karatun, ɗiyata ta same ni ina barci a kan tebur, kumatuna a kan madannan kwamfuta, malamin lissafin kuɗi kuma yana ta zuba bayani a bidiyo shi kaɗai. Harafin "k" ya cika mini shafi uku a jingar da nake rubutawa. Ta girgiza kafaɗata ta ce, "Abba, malaminku yana ta magana ba ka jinsa."

Ni ma'aikacin sashen sayayya ne a wani kamfanin rarraba kaya. Ina shiga ofis ƙarfe takwas, in fito biyar idan an yi sa'a. Abin da ya ja ni na yi rajistar digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, wato MBA, jimla ce guda a tallar makarantar: ka yi karatu a lokacin da ka ga dama. Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai lokacin da za ka ga damar, sai kana da shi tukuna, ni kuwa ban taɓa zama na ƙirga nawa ba. Na ƙirga kuɗin makaranta har sau uku, na ƙirga na data, amma awanni ko sau ɗaya.

Don haka da wannan lissafin zan fara, kuma shi nake so ka yi kafin ka cike fom ɗin kowa.

Lissafin da ya kamata in fara yi

Makarantu ba sa ɓoye yawan aikin, a cikin kiredit suke rubuta shi. A tsarin Birtaniya, wanda shi makarantata take bi, digiri na biyu kiredit 180 ne, kuma kowane kiredit ana ƙiyasta shi a awa 10 na aikin ɗalibi: karatu, lakca, jinga, jarrabawa, duka. Awa 1,800 ke nan. Idan a shekara biyu kake son gamawa, raba shi a mako 104, za ka ga awa 17 da 'yan kai kowane mako. To amma ba dukan makonnin ake karatu ba. Cire hutun zango, cire makon da za ka kwanta ciwo, cire wanda aikin ofis zai haɗiye ka gaba ɗaya, sai ka rage da kamar mako 90. Yanzu lissafin ya koma awa 20.

Sauran tsare-tsaren ma ba sa nesa da haka. A ƙasashen Turai masu amfani da tsarin ƙirga kiredit na ECTS, kiredit ɗaya awa 25 zuwa 30 ne. A Amurka kwas mai kiredit 3 yana cin kimanin awa 135, kuma da yawa daga shirye-shiryen intanet a mako takwas suke matse shi, wato kusan awa 17 a mako a kan kwas ɗaya tal. Wanda ya ɗauki biyu a tare, ka ga ya ɗauko wa kansa aikin ofis na biyu ke nan ba albashi.

Mako kuwa awa 168 ne, ba ya ƙaruwa don ka shiga makaranta. Nawa ga yadda ya kasance: barci 49, ofis 45, zirga-zirgar hanya 10. Saura 64. Da na ga 64 sai na ji daɗi, na ce ai akwai fili. Amma a cikinsu ake wanka, ake cin abinci, ake kai yara makaranta, ake zuwa duba mara lafiya, ake zama da iyali, ake kuma zaman da ba a komai, wanda shi ma jiki yana binka bashinsa.

Ga gwajin da nake ba duk wanda ya tambaye ni. Kafin ka biya ko sisi, ɗauki kwas kyauta na lissafin kuɗi ko ƙididdiga a shafukan karatu na intanet irin su Coursera ko edX, ka ɗora wa kanka awa 12 a mako har wata guda, kana rubuta awannin da ka yi da gaske a bayan littafi. Na gaske nake nufi, ban da mintunan da ka yi kana leƙa waya. Idan wata ya cika ka ga matsakaicinka awa shida ne, to ka sami amsa a sauƙaƙe: ko dai ka nemi shiri mai tsawon shekara uku zuwa huɗu, ko ka dakata sai al'amuranka sun sassauta. Ni da kwas biyu na fara, don ina ganin kaina gwarzo. Bayan barcin kan tebur ɗin nan na sauke ɗaya, shekara biyun da na ɗiba ta zama uku.

Mutanen da za ka ci bashinsu

Awannin nan ba a ƙasa za ka tsince su ba. Kowace ɗaya tana da mai ita: ko barcinka, ko iyalinka, ko wanda yake biyanka albashi, ko abokan da kuka saba zama. Gara ka je ka roƙi aro da bakinka tun farko, da a wayi gari su gano da kansu cewa ana yi musu sata.

Da mai ɗakina na fara, amma a makare, sai da aka yi wata biyu ana zaman doya da manja. Ranar da na zaunar da ita na ɗauko takarda na nuna mata lissafin nan na sama, ta dube shi ta ce, "Abban yara, da ka nuna mini wannan tun farko ai da ban ɗauka gudunmu kake yi ba." Muka yi yarjejeniya: safiyar Asabar tawa ce daga bakwai zuwa sha ɗaya, ba aike, ba baƙo, ba "zo ka ga abin da yaron nan ya yi". Lahadi kuwa tasu ce ɗungurungum, ko da jinga tana ci da wuta ba na buɗe kwamfuta. Ta sa na rubuta ranar da zan gama a ƙasan takardar, ta ninke ta ajiye.

Maganar shugaban wurin aiki ta fi wuya, domin wasu da sun ji ka shiga MBA sai su fara yi maka kallon mai haɗa kayan tafiya. Duk da haka ban ga amfanin ɓoyewa ba, jarrabawa za ta tona ka. Abin da na koya shi ne kada ka je da roƙo a dunƙule. "Ina neman goyon bayanka" ba ya nufin komai. Ni ce masa na yi, "Yallaɓai, ranar Talata ina da lakca ƙarfe shida, ina roƙon in riƙa tashi huɗu da rabi, in rama da safiyar Laraba. Sannan sau uku a shekara zan ɗauki kwana biyu daga hutuna don jarrabawa, ga ranakun." Ya duba kalandarsa, ya ce na Disamba ba zai yiwu ba saboda ƙidayar kayan sito ta ƙarshen shekara, sauran ya amince. Da ban kai masa ranakun ba, da a Disamban zan ji wannan maganar, lokacin da babu yadda zan yi.

Idan kamfaninku zai biya maka wani ɓangare na kuɗin, madalla, amma ka karanta takardar da za ka sa wa hannu har ƙasa. Galibi akwai sharaɗin za ka zauna shekaru kaza bayan gamawa, in ka tafi kafin nan ka maido kuɗin. Wasu kuma sai ka ci kwas da maki kaza suke biya. Ba laifi ba ne, ciniki ne, kawai ka san abin da ka sayar.

Wace makaranta

Nan ba zan daɗe ba, don tambayoyin ba su da yawa. Ta farko, wa ya tantance ta? A duniyar makarantun kasuwanci hukumomi uku aka fi sani: AACSB ta Amurka, wadda aka kafa a 1916, AMBA ta Landan, 1967, da EQUIS, wadda ƙungiyar EFMD ta Turai ta fara a 1997. AACSB da EQUIS makarantar gaba ɗaya suke tantancewa, AMBA kuwa shirin digirin kansa take dubawa, kuma tana sharɗanta ɗalibai su kasance da aƙalla shekara uku na gogewar aiki. Kada ka tsaya ga tambarin da makaranta ta manna a shafinta, tambari kowa yana iya kwafowa. Je shafin hukumar ka nemi sunan makarantar a jerinsu. Ka kuma tabbatar hukumar ilimi ta ƙasar da makarantar take ta amince da ita, haka ma inda kake son amfani da takardar. Akwai makarantun kirki da ba su da ko ɗaya daga tambarin ukun nan, amma idan babu tambari, babu amincewar gwamnati, ga alkawarin digiri a wata shida, to kama gabanka.

Masu cewa karatun nesa ba karatu ba ne sun kwana biyu ba su leƙa ba. Open University ta Birtaniya tun 1969 aka kafa ta don wannan sana'a. Makarantar kasuwanci ta Kelley a Jami'ar Indiana ta fara MBA ta intanet a 1999. Jami'ar Illinois ta buɗe tata tare da Coursera a 2016, kuma a 2019 ta sanar da rufe MBA ɗinta ta zaman aji don ta mayar da ƙarfi kan ta intanet ɗin. Amma gaskiya ɗaya zan faɗa maka. Idan burinka ka bar sana'arka kwata-kwata ka tsallaka wata, ka ce daga koyarwa zuwa babban banki, shirin intanet ba ya ba ka abin da zaman aji yake bayarwa na haɗuwa da masu ɗaukar aiki da cuɗanya ta yau da gobe. Ya fi dacewa da wanda yake son hawa sama a inda yake tsaye, ko mai kasuwancin kansa.

Sauran tambayoyin, rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai su amsa maka a rubuce. Lakcocin kai-tsaye ne ko naɗaɗɗu, in kai-tsaye ne ƙarfe nawa a agogonka, kuma halarta dole ce? Za ka iya ɗaukar kwas ɗaya a zango? Za ka iya dakatar da karatu, har tsawon wane lokaci, kuma a cikin shekara nawa dole ka gama? Akwai zuwa harabar makarantar ido da ido? Tambayar dakatarwar nan ita ce wadda ba wanda yake yi, kuma ita ce ta cece ni daga baya. Jarrabawar shiga ta GMAT kuwa, wadda tun 2023 ta koma sassa uku na minti 45 kowanne, maki daga 205 zuwa 805, shirye-shiryen intanet da dama suna ɗauke ta ga wanda ya daɗe yana aiki. Tambaya kafin ka ƙona wata uku kana shirinta.

Yadda makon yake tafiya

Bayan na sauko zuwa kwas ɗaya, ga tsarin da na zauna a kai har na gama. Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe biyar zuwa shida da rabi na safe: awa bakwai da rabi. Lakcar Talata, awa ɗaya da rabi. Safiyar Asabar, awa huɗu. Rabin awa a hutun rana sau uku a mako. Jimla sha huɗu da rabi. Tashin ƙarfe biyar yana nufin kwanciya ƙarfe goma, kuma a nan yaƙin yake, ba a safiyar ba. Na gwada karatun dare na ga ba nawa ba ne, ƙwaƙwalwar da ta wuni tana jayayya da masu kawo kaya ba ta da sauran abin da za ta ba ƙididdiga. Wata abokiyar karatuna, ma'aikaciyar jinya, akasin haka take, sai dare ya raba kanta yake buɗewa. Kowa ya san lokacinsa. Abin da ba ya aiki shi ne "zan yi in na sami sarari".

Aikin kuma kashi biyu ne, kada ka haɗa su. Akwai mai nauyi: warware lissafi, rubuta jinga, nazarin labarin wani kamfani da aka ba ku ku fitar da shawara. Wannan shi ke cin safiya da Asabar. Akwai mara nauyi: kallon bidiyo, sauraron lakcar da aka naɗa, amsa wa 'yan aji a zauren tattaunawa. Wannan na hanya ne da hutun rana. Nakan sauke bidiyoyin mako tun daren Asabar, in saurare su a mota da ɗan ƙarin sauri. Kuskuren da na yi a zangon farko shi ne ba wa bidiyo safiyata mai tsada, in tashi ina jin na yi karatu. Kallon malami yana warware lissafi daɗi gare shi, kamar kallon gwani yana tuƙi. Sai an ba ka sitiyari ka san ba ka iya ba.

Maganin wannan mai sauƙi ne, ba shi da daɗi kawai. Da ka gama bidiyo ko babi, rufe komai, ɗauki farar takarda ka rubuta abin da ka riƙe. Sannan ka buɗe ka ga abin da ya zube. Bayan kwana biyu ka sake, bayan mako ka sake. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a awannin farko da kwanakin farko take faruwa, daga nan ta lafa. Minti goma na tuno jiya kafin ka shiga na yau sun fi awa biyu na maimaita karatu daren jarrabawa.

Ofishinka shi ne ɗakin gwajinka

Wannan ne wurin da mai aiki ya fi ɗalibin da ya ajiye komai ya tafi makaranta, kuma da shi ake rage nauyin awannin, domin awa ɗaya sai ta yi maka aiki biyu.

Bari in nuna maka da misali. A kwas ɗin sarrafa kuɗi aka koya mana yadda ake auna rangwamen biya da wuri. Mai kawo kaya ya ce: in ka biya cikin kwana 10 zan rage maka kashi 2 cikin 100, in ba haka ba ka biya cikakke a kwana 30. Shekara da shekaru ina ganin wannan sharaɗin a ƙasan takardun wani mai kawo mana kwali, ban taɓa ɗaga ido ba, kashi biyu ai ba wani abu ba ne, mu kuma al'adarmu mu riƙe kuɗi sai ranar ƙarshe. Ga yadda lissafin yake. Idan ka ƙi rangwamen, ka riƙe 98 na ƙarin kwana 20, ladan riƙon kuma 2 ne. 2 a kan 98 kashi 2.04 ne cikin ɗari. Kwana 20 suna shiga shekara sau 18 da kwata. Ninka su, sai ka ga kusan kashi 37 cikin 100 a shekara. Wato duk lokacin da muka ƙi biya da wuri, tamkar mun ci bashi ne a kan wannan tsadar, alhali kuɗin yana kwance a asusu ba ya haifar da ko kusa da haka.

Da safiyar nan ban ƙarasa babin ba. Na shiga ofis na zaro takardun mutumin na shekara guda, na jera su a Excel, na kai wa akantanmu. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Malam, wa ya nuna maka wannan?" Aka canja ranar biyan. Ni kuma wannan jadawalin na Excel, bayan na sauya sunaye da alƙaluma, shi ya zama jingata ta ƙarshen kwas. Daga ranar shugabana bai sake ɗaure fuska ba idan na tashi huɗu da rabi ranar Talata.

Saboda haka duk jingar da aka ba ka zaɓin kamfani, zaɓi naku ko irin naku. Ka san inda yake yoyo, ka san wanda za ka tambaya. Sharaɗi ɗaya: nemi izini a rubuce kafin ka fitar da alƙaluman kamfani, ka cire suna, ka ninka lambobin da wani adadi yadda ba za a gane na ainihi ba. Digiri bai kai a kore ka a kan fallasa sirrin wurin aiki ba. Kuma ka riƙa taka-tsantsan da bakinka a taron ofis. Sabon ɗalibin MBA yana da wata cuta ta jefa manyan kalmomi inda ba a tambaye shi ba. Na yi ta na ɗan lokaci, har wani dattijo a sito ya fara kirana Farfesa, kuma ba yabo yake ba.

Aikin rukuni da agogo

Ba makawa za a haɗa ka da mutum huɗu ko biyar da ba ka taɓa gani ba, kowa a tasa nahiyar, a ce ku rubuta abu ɗaya. A kowane rukuni da na shiga akwai wanda yake ɓacewa. A haɗuwar farko ku raba aiki da suna da rana, ku rubuta a takarda ɗaya da kowa yake gani, ku sa wa kanku wa'adi kwana biyu kafin na makaranta. In mutum ya yi shiru mako guda, a tuntuɓe shi da mutunci, wataƙila wani abu ne ya same shi. In ya ƙara mako, a sanar da malami tun da sauran lokaci. Kara ba ta da amfani a nan, ranar ƙarshe ba wanda zai saurari ƙorafi.

Agogo kuwa ya taɓa cin ni da yaƙi. Wa'adin jinga da agogon makaranta ake rubuta shi, sha biyu saura minti ɗaya na dare. Inda nake ba a taɓa agogo, amma Birtaniya da ƙasashen Turai suna tura nasu gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, su maido shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Amurka kuma nata ranakun daban: Lahadi ta biyu a Maris da ta farko a Nuwamba. Na saba da tazarar da ke tsakaninmu duk lokacin sanyi. Litinin ɗin da ta biyo bayan canjin, na tura jingata ina ganin saura minti ashirin, sai allon ya nuna mini ja: na makara da minti arba'in. Aka zaftare mini maki, kuma laifin ba na kowa ba ne sai nawa. Tun daga nan na sa agogo biyu a fuskar wayata, kuma na daina tura komai a ranar wa'adi.

Jarrabawa ma tana da nata tarkon. Yawanci wata manhaja ce take gadinka ta kyamara: ka nuna katin shaida, ka zagaya da kyamarar ta ga ɗakin, ba mai shigowa, ba ka tashi. Gwada manhajar kwana uku kafin ranar, a kan kwamfutar da za ka yi amfani da ita. Ni ta ofis na dogara da ita, ashe an kulle ta ba ta karɓar sabuwar manhaja, sai aro na yi da daddare. Ka tanadi hanyar intanet ta biyu a waya, ka cika caji, ka kuma gaya wa mutanen gida da bakinka cewa ko ƙwanƙwasa ƙofa na iya sa a tuhume ka.

Batun kwafe kuma, makarantu suna bi da jinga ta manhajojin gano kwafe irin su Turnitin, kuma tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 makarantu da dama sun kafa dokarsu a kan irinsa, wani lokaci ma kowane kwas da tasa. Karanta dokar, kada ka ɗauka. Mai aiki da ya gaji ƙarfe sha ɗaya na dare shi ne ya fi kowa kusa da wannan ramin. Neman ƙarin kwana uku ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Don tattara madogara kuma, sauke manhajar Zotero tun makon farko, kyauta ce, za ka gode mini lokacin kundi.

Zangon da komai zai rushe

Zai zo. Nawa ya zo a shekara ta biyu: mahaifina ya kwanta asibiti, aka kuma rage mana ma'aikata biyu a sashe, aikinsu ya dawo kaina. Na yi mako uku ina ƙoƙarin riƙe duka, ina karanta babi a bencin asibiti ba abin da yake shiga. Abin da ya kamata in yi tun makon farko shi na yi a na huɗu: na rubuta wa mai ba ɗalibai shawara, layi biyar, ga abin da ya faru, ga takardar likita, ina neman dakatar da wannan zangon. Cikin kwana biyu aka amince. Da na ƙara mako ɗaya, da wa'adin janyewa ya wuce, kwas ɗin ya zauna mini a matsayin faɗuwa, kuɗinsa kuma ya tafi. Nemo wannan ranar a kalandar makaranta farkon kowane zango ka rubuta ta inda za ka gani. Waɗanda na ga sun bar karatun a ajinmu, yawancinsu ba faɗuwa suka yi ba. Shiru suka yi, kunya ta hana su rubuta wasiƙar, har lokaci ya ƙure.

Dawowa bayan hutun ma sai da dabara. Na zaɓi kwas ɗin da na fi so, na sarrafa kaya da jigilarsu, don in sake kama hanya da abin da na riga na sani rabinsa.

Sai kundin ƙarshe. A shirina kiredit 60 ne, awa 600, sulusin digirin gaba ɗaya, kuma babu lakcar Talata da za ta riƙa tunatar da kai. Zaɓi tambaya ƙarama wadda bayananta suke hannunka. Na so in yi rubutu a kan makomar jigilar kaya a duniya, mai duba aikina ta ce in sauko ƙasa. Na ƙare a kan dalilin da ya sa wasu kayanmu suke wuce kwana 90 a sito, wasu kuma suke yankewa. Ka sa ranar ganawa ta gaba da mai dubawa kafin ku rabu a kowace ganawa, ka kuma tura masa wani abu ko da bai yi kyau ba. Ni kalma 300 nake rubutawa kowace safiya, wata rana shirme, amma shirmen da ke kan takarda ana iya gyara shi. Kafin ka miƙa, sauke duk lakcoci da maƙalun da kake so ka ajiye, domin da an yaye ka ƙofar ɗakin karatun makarantar takan rufe.

Na tura nawa ranar Alhamis da rana, kwana ɗaya kafin wa'adi, daga teburina na ofis a lokacin hutu. Da na koma gida na faɗa, mai ɗakina ta shiga ɗaki ta fito da takardar nan da ta ninke, ta nuna mini ranar da na rubuta da hannuna. Na zarce da wata goma sha huɗu. Ta ce, "To Abban yara, Asabar ɗin jibi ƙarfe bakwai, kai za ka kai su wasan ƙwallo. Ni barci zan yi."